Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Faifan Paid in Full

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce duk abin da ya tsufa zuma ne ba, gama mafi yawan waƙoƙin da samari ke yayi a kowane zamani kamar ciyawar damina suke, wadda kan lulluɓe ƙasa a lokacin marka har mutum ya ɗauka ba ta ƙarewa, sa'an nan da hunturu ya busa a neme ta a rasa. Saboda haka idan aka sami faifai guda wanda waɗansu samari biyu baƙar fata suka harhaɗa cikin gaggawa a birnin New York na ƙasar Amurka a 1987, alhali kuwa har yau, bayan fiye da shekara talatin da biyar, ma'abota wannan fanni suna komawa gare shi kamar yadda almajiri kan koma bitar littafin da ya sauke tun yana yaro, to ya kamata mai hankali ya dakata ya binciki musabbabin haka. Faifan shi ne Paid in Full na Eric B. da Rakim, sunan da ke nufin an biya cif, babu sauran bashi. Ba kuwa za a gane darajarsa ba sai an koma ga tushen kiɗan hip hop kansa, ana tafe ana rarrabe abin da ya tabbata a rubuce da abin da riwayar baka ce kawai.

Tushe: unguwar Bronx, 1948 zuwa 1973

Unguwar Bronx, wadda ke arewacin New York, mazaunin leburori ce da ƙananan ma'aikata, galibinsu Yahudawa da Italiyawa da mutanen Ailan, har zuwa 1948, sa'ad da hukuma, bisa jagorancin wani ƙasaitaccen jami'in tsara birni mai suna Robert Moses, ta soma gina wata babbar hanyar mota da ta tsaga unguwar gida biyu. Aka rushe gidaje, aka tashi dubban iyalai. Masu hali suka kwashe ya nasu ya nasu suka koma bayan gari, masana'antu suka bi sawunsu, sai ya zamana waɗanda suka cike gurbin su ne baƙar fata da mutanen Puerto Rico da baƙin tsibiran Karibiyan, waɗanda ba su da wani wurin zuwa. Da darajar gidaje ta faɗi warwas, ga shi kuma an rufe waɗansu tashoshin kashe gobara don tsimi, sai gobara ta zama ruwan dare a kudancin unguwar cikin shekarun 1970, har waɗansu masu gidajen haya suka ga karɓar kuɗin inshora bayan wuta ya fi musu jiran kuɗin haya.

A cikin wannan toka aka shuka irin. Wani saurayi mai suna Clive Campbell, haifaffen Kingston ta Jamaika, wanda ya iso Bronx a 1967 aka kuma laƙaba masa Kool Herc saboda girman jikinsa, shi ya juya faifai a wani taron rawa da ƙanwarsa Cindy ta shirya ran 11 ga Agusta 1973, a zauren wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta sami kuɗin tufafin komawa makaranta. Katin gayyatar, wanda aka rubuta da hannu, ya nuna cewa 'yan mata za su biya santi 25, samari santi 50. Hikimar Herc ita ce ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a gaɓar nan da mawaƙi kan yi shiru ganga ta rage ita kaɗai. Sai ya tanadi garmaho biyu da kwafi biyu na faifai ɗaya, in gaɓar ta ƙare a wannan ya tashe ta a wancan, har abin da bai wuce daƙiƙa kaɗan ba ya zama doguwar shimfiɗa wadda za a yi rawa a kanta, a kuma yi magana bisa ita.

Akwai masu cewa salon magana bisa kiɗa daga maroƙan Afirka ta Yamma ya samo asali, bayi suka ƙetare teku da shi. Zance ne mai daɗin ji, ba a kuma rasa ƙamshin gaskiya a cikinsa, amma silsilarsa ba ta haɗu a rubuce ba. Abin da ya tabbata shi ne iyayen kusa: al'adar Jamaika ta kafa manyan lasifikoki a fili mai faifai yana yi wa jama'a kirari, da ba'ar da samarin baƙar fata kan yi wa juna a bakin titi, da salon masu wa'azin coci da na masu gabatar da shirye-shiryen rediyo.

Daga dandali zuwa kasuwa, 1973 zuwa 1986

Shekara shida wannan kiɗa yana yawo a dandali da zauruka da kaset-kaset na hannu, ba wanda ya yi tsammanin kayan sayarwa ne. Grandmaster Flash, haifaffen Barbados, ya daidaita dabarar Herc har ta zama ba a jin inda aka yi ɗori. An ce wani yaro mai suna Theodore shi ya gano ƙarar nan ta goga faifai gaba da baya, a ranar da mahaifiyarsa ta leƙo tana yi masa faɗan hayaniya ya dafe faifan da hannu. Shi da kansa ya sha ba da wannan labari, amma babu shaida sai shi. Haka kuma an ce a daren 13 ga Yuli 1977, da wutar lantarki ta ɗauke a New York aka fasa kantuna, samari da yawa suka wayi gari da kayan kiɗan da ba su taɓa mallaka ba. Ɗaukewar wutar da fasa kantunan sun tabbata, amma gwargwadon tasirinsu ga kiɗan riwaya ce.

A 1979 wata mata mai kamfanin faifai a New Jersey, Sylvia Robinson, ta tara samari uku ta sa musu suna Sugarhill Gang, suka fitar da Rapper's Delight, waƙa mai kusan minti goma sha biyar, wadda ta nuna wa 'yan kasuwa cewa akwai kuɗi a wannan harka. A 1982 The Message ta Grandmaster Flash da jama'arsa ta tabbatar cewa salon zai iya ɗaukar kukan talaka. Daga 1983 kuma Run-DMC, 'yan unguwar Hollis ta Queens, suka yar da tufafin ƙyalƙyali, suka rage kiɗa ya koma bugun na'ura tsurarsa, suka ɗaga murya. Faifansu Raising Hell na 1986 ya kai kwafi miliyan uku.

To, a nan ne ya wajaba mai karatu ya riƙe siffar waƙar wannan zamani, domin da ita za a auna abin da ya biyo baya. Mawaƙi a lokacin ɗan dandali ne, aikinsa ya ta da taro, saboda haka da ƙaraji yake waƙa. Ɗangonsa gajere, ma'anarsa tana cika daidai inda bugun ganga ya cika, ƙafiyarsa kuwa guda ce, tana zaune a ƙarshen ɗango inda kowa ke jiranta, har mai sauraro kan riga mawaƙi faɗinta.

Haɗuwar samari biyu, 1985 zuwa 1986

William Michael Griffin, wanda duniya ta sani da Rakim, an haife shi ran 28 ga Janairu 1968, ya kuma tashi a Wyandanch, wani ƙaramin gari a tsibirin Long Island, nesa da kangayen Bronx, a gidan da faifan jazz da na soul ba su yankewa. Ya koyi busa ƙahon nan na Turawa da ake kira saksofon, ya kuma sha faɗin cewa burinsa shi ne ya sarrafa kalmomi yadda gwanin wannan ƙaho John Coltrane ke sarrafa busa, wato ya shige gaban bugu ko ya ja baya, ya cusa gaɓoɓi da yawa a wuri kaɗan, sa'an nan ya sauka daidai inda ya nufa.

Tun yana ɗan makaranta ya shiga wata ƙungiya da ake kira 'Yan Kashi Biyar, wadda wani mai suna Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya fita daga ƙungiyar Nation of Islam, aka kuma harbe shi a 1969. Daga nan ya samo sunan Rakim. Wajibi ne a faɗa a sarari cewa ko da yake ƙungiyar tana aron kalmomin Musulunci, aƙidarta, wadda ke jingina allantaka ga ɗan Adam, ta saɓa wa tauhidi, ba kuwa malamin da zai ƙidaya ta cikin mazhabobi. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne tasirinta ga ɗabi'ar yaron: ta sa masa son karatu da hadda, da ɗaukar kansa a matsayin mai karantarwa, da ganin cewa kalma aba ce mai nauyi wadda ba a zubar da ita a banza.

Eric Barrier kuwa, wato Eric B., ɗan Queens ne, yana juya faifai a tarukan da gidan rediyon WBLS ke shiryawa, kuma a 1985 ya shiga neman mawaƙin da zai hau kiɗansa. An ce wani mawaƙi dabam, Freddie Foxxx, ya fara nufa, bai same shi ba, sai wani ɗan tsakani ya kai shi ga Rakim, wanda a lokacin hankalinsa na ga ƙwallon Amurka da shiga jami'a. Suka je wurin Marley Marl, gwanin na'ura na gidajen gwamnati na Queensbridge, wanda ke ɗaukar murya a cikin gida. Rakim ya ba da labarin cewa a zaune ya yi waƙar, da murya ƙasa-ƙasa, masu gida suna ta roƙonsa ya miƙe ya ƙara kuzari kamar yadda kowa ke yi, shi kuwa ya ƙi. Abin da ya tabbata shi ne a 1986 wani ƙaramin kamfani mai suna Zakia ya fitar da Eric B. Is President tare da My Melody, suka kuwa mamaye titunan New York. Game da wanda ya gina kiɗan akwai saɓani har gobe: Marley Marl yana cewa aikinsa ne, Eric B. yana cewa shi ya kawo faifai da tsari, wancan na'ura kawai ya riƙe.

Shekarar 1987: faifan kansa

Da kamfanin 4th & B'way, reshen Island Records, ya ɗauke su, sai suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Power Play a Queens, kuma bisa faɗinsu cikin kimanin mako guda aka gama mafi yawan aikin, Rakim yana rubuta baiti nan take ya shiga ya karanta daga takarda. Ran 7 ga Yuli 1987 faifan ya fito, waƙa goma cikin kimanin minti arba'in da biyar, uku daga ciki kiɗa ne zalla na Eric B.; ke nan waƙoƙi bakwai tak yaro ɗan shekara goma sha tara ya yi magana a cikinsu, da su kuma ya sauya fannin baki ɗaya.

Wanda ya san rubutacciyar waƙar Hausa zai fi Ba'amurke saurin gane abin da ya faru, gama mu mun daɗe da sanin bambancin amsa-amon waje da amsa-amon ciki, mun kuma san saɓi-zarce, inda ma'ana kan ƙi tsayawa a ƙarshen ɗango ta tsallaka cikin na gaba. Waɗannan su ne kayan aikin Rakim. Ba shi ya ƙage su ba, domin magabata irin su Kool Moe Dee da Melle Mel sun taɓa su. Amma shi ya mai da su ginshiƙi, yana dasa ƙafiya a tsakiyar ɗango, yana amsa gaɓa biyu ko uku da gaɓa biyu ko uku maimakon guda, yana jan jimla ta ƙetare bugu har mai sauraro ya zaci ta ɓace, sai ga ta ta dira. Ya bayyana daga baya cewa yakan ɗiɗɗiga alamomi a takarda, kowace alama a madadin ma'aunin kiɗa guda, don ya ga da idonsa gurbin da zai cusa kowace gaɓa, kamar yadda mai aruli kan yanka baiti ƙafa-ƙafa. Duk wannan kuwa da murya mai natsuwa, wadda ba ta roƙon a saurare ta. Shiru-shiru, in ji Hausawa, ba tsoro ba ne. Ashariya ma da wuya ka ji ta, shi kuma ya ce kunyar iyayensa ce ta hana shi.

Kiɗan kuma daga akwatin iyaye aka tono shi. I Know You Got Soul ta tsakuro daga waƙar Bobby Byrd ta 1971 wadda James Brown ya shirya, I Ain't No Joke ta ɗauko busar ƙahonin ƙungiyar J.B.'s, ita kuwa waƙar da faifan ya ci sunanta ta haɗa gangar Soul Searchers ta 1974 da kaurin jitar wata waƙar Dennis Edwards ta 1984. Wannan ya sa faifan ya zama mahaɗar zuriya biyu, uba ya ji amon samartakarsa, ɗa ya ji harshen zamaninsa.

Waƙar da faifan ya ci sunanta baiti guda ce mai tsawo, babu amshi. A cikinta saurayi ya laluba aljihu ya tarar wayam, ya tuna zamanin da yakan tare mutane da makami, ya auna, ya zaɓi neman halaliya da alƙalami. In aka tuna cewa a waɗannan shekaru ne annobar ƙwayar kirak ta mamaye unguwannin baƙar fata, tana azurta yara cikin wata guda tana binne su cikin shekara, za a gane nauyin wannan zaɓi. Amma bangon faifan wani labari yake bayarwa: ga su nan biyu da damin daloli, da sarƙoƙin zinariya masu kaurin igiya, da rigunan fata masu tambarin Gucci waɗanda wani telan Harlem, Dapper Dan, ya ɗinka ba da izinin kamfanin ba, irin dai shigar manyan dillalan titi. Tsakanin wannan bango da wancan baiti akwai jayayyar da hip hop bai gama warwarewa ba har yau.

Abin da ya biyo baya, 1987 zuwa 1992

A kasuwa faifan bai yi tashin gwauron zabo ba. Matsayi na 58 ya kai a babban jadawalin faya-fayai na mujallar Billboard, sai 1995 aka tabbatar ya cika kwafi miliyan ɗaya. Amma kafin 1987 ta ƙare ya ƙetare teku: waɗansu Turawa biyu a Landan da ake kira Coldcut suka sake gina waƙar sunan ta kai minti bakwai, suka saƙa mata muryar Ofra Haza, mawaƙiyar Isra'ila 'yar asalin Yahudawan Yaman, ta kai matsayi na 15 a Ingila. An ce Eric B. ya raina wannan aiki, Rakim kuwa ya yaba. A shekarar dai wata ƙungiyar Ingila, M/A/R/R/S, ta tsakuri muryar Rakim cikin waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a can.

Suka koma kamfanin MCA, suka fitar da Follow the Leader a 1988, da Let the Rhythm Hit 'Em a 1990, da Don't Sweat the Technique a 1992, sa'an nan saɓanin kwangila da kuɗi ya raba su. Kafin rabuwar kuma wata ƙofa ta rufe: a Disamba 1991 wani alƙali a New York, cikin ƙarar da mawaƙi Gilbert O'Sullivan ya kai mawaƙin hip hop Biz Markie kan tsakurar waƙarsa, ya hukunta cewa tsakure ba da izini ba sata ce, har ya buɗe hukuncinsa da dokar Attaura mai hana sata. Daga ranar sai kowane tsakure ya zama abin ciniki da lauyoyi, irin walwalar da aka gina Paid in Full da ita ta zama sai mai hali. A 1992 shagon Dapper Dan ma ya rufe saboda ƙarar kamfanonin tufafi. Wato dai faifan ɗan wani gajeren zamani ne wanda ba ya dawowa, wannan kuma yana cikin abin da ke ƙara masa kwarjini.

Gado, 1994 zuwa yau

Da Nas, ɗan Queensbridge, ya fitar da Illmatic a 1994, nan da nan masu nazari suka kira shi magajin Rakim, shi kuma bai musa ba, har a 2004 ya tsara waƙa sukutum kan tarihin malamin nasa. Jay-Z da Eminem da waɗanda suka biyo su duk a kan wannan harsashi suka ɗora gini, ta yadda yaron da ya tashi yau, ko a Atlanta ko a Kano, in ya dasa amsa-amo a tsakiyar ɗango bisa bugun hip hop, almajirin Rakim ne ko da bai taɓa jin sunansa ba. Mujallar Rolling Stone, cikin jerinta na faya-fayai 500 mafiya daraja, ta sa shi na 227 a 2003, ta ɗaga shi zuwa na 61 a 2020. Ran 7 ga Yuli 2017, shekara talatin cif da fitowarsa, mutanen biyu suka sake tsayawa tare a zauren Apollo na Harlem. A wannan shekara kuma kamfanin Gucci, wanda aka yi wa kwaikwayon tambari, ya nemi Dapper Dan suka ƙulla hulɗa.

Adalci ya wajabta a ce faifan ba ma'asumi ba ne. Waƙoƙin nan uku na kiɗa zalla sun tsufa, alamar gaggawa kuma tana nan ga mai kunne, mafi yawan baitocin ma jigonsu guda ne, wato mawaƙi yana wasa kansa yana ƙalubalantar abokan hamayya, kamar ɗan dambe mai kirari a tsakar fage. Sarƙoƙin sun fita yayi, na'urorin sun zama kayan gidan tarihi, dalolin bangon an daɗe da kashe su. Abin da ya rage shi ne abin da aka fi shan wahalarsa, wato saƙar kalmomi. Gama ƙaraji yakan burge sau ɗaya, amma baitin da aka auna gaɓoɓinsa, a kowane ji sai mutum ya tsinci wani ɗinkin da ya kuɓuce masa a baya.

Saboda haka, ya kai saurayi mai sha'awar wannan fanni, ko da Hausa kake yi ko da wani harshe, kada ka ɗauki sarƙa da rigar fata ka bar takarda da alƙalami. Nemi faifan nan ka saurare shi sau uku: na fari don kiɗa, na biyu don ma'ana, na uku kuwa ka zauna da takarda kana ƙidaya inda kowace ƙafiya ta faɗo. In ka yi haka za ka gane dalilin da ya sa waƙa bakwai na ɗan shekara goma sha tara suka yi nauyin da faya-fayai ɗari na waɗansu ba su yi ba.